Rufin Gidan Gyaɗa

Asabar, 14 ga Satumba, 1991

Istifanus ya shigo gida da la'asar, kashin jemage har cikin sumarsa. Na ce daga ina? Ya ce daga Gidan Gyaɗa. Shekararmu goma sha shida a Haɗeja, ban taɓa jin mai aikin gwamnati ya sa ƙafa a kangon nan ba.

Tun da aka ba da sabuwar jiha watan jiya kowa ofis yake nema. Manyan gari sun kafa kwamiti, Alhaji Gambo ne shugaba. Wasu sun ce a rushe ginin a jera shaguna, wasu sun ce a duba tukuna. Da yake mijina ne mai zanen gine-gine a sashen ayyuka, shi aka tura ya dubo.

Ko wanka bai yi ba ya zaunar da ni. Wai ƙungiyar manoman gyaɗa ce ta gina shi a 1962, lokacin da gyaɗa ke da daraja. Kankare zalla, hawa biyu, rufin shimfiɗe babu kwano ko falle ɗaya, bangon gabas da na yamma duk bulo mai huda-huda. Ya ce, "Dibora, babu fanka, babu komai, amma ciki kamar gindin randa. Wanda ya zana gidan nan ya san ranar garin nan." So yake ƙasa ta zama zauren taro da wasanni, sama ofisoshi, da ɗaki guda na littattafai.

Na ce to, tashi ka yi wanka, tuwo na hucewa.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Bayan sujada ya ja mu, ni da 'yarmu Jumai, wai sai mun gani da idonmu.

Ashe da mutum a ciki. Wata dattijuwa ce, Yakaka, daga wani ƙauye bayan Guri. Ambaliyar 1988 ta cinye gidanta, ta zo ta kewaye ƙarƙashin matakala da zana, tana bandar kifi a bayan ginin. Istifanus ya tsaya a bakin ƙofar da ba ta da ko ƙyaure, ya yi sallama har sau biyu. Sai da ta amsa muka shiga. Na so in yi dariya.

Mun tarar da Malam Gwadabe birkila yana jiran mu. Tun yana saurayi aka ɗauke shi jera bulon nan mai huda. Ya sa Jumai ta zura hannu cikin ɗaya, ya ce, "Kin ji iska? Ba na son in mutu in bar mutane suna cewa a nan da akwai wani gini."

Sanyi kam akwai. Wari ma akwai. Da ciwon kai na fito.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Kwamiti ya ba shi zuwa damina ya nuna ginin zai gyaru. Sati biyu ke nan ana kwashe kashin jemage daga sama, wani wurin ya kai gwiwa. Ba aikinsa ba ne, akwai lebura, amma shi ma ya ɗauki shebur. Hankici kawai yake ɗaurawa a hanci.

Na yi magana. Ya ce in bai shiga ba za su farfasa masa bulo.

Laraba, 25 ga Disamba

Bana ba mu je gida Pankshin ba. Karo na farko. Shinkafa da kaza a gefe guda na tebur, takardun zane a ɗaya gefen. Jumai ta ɗiga miya a kan wata takarda, ya yi mata tsawar da bai taɓa yi ba, daga baya ya bi ta ɗaki yana lallashi.

Tarin da ya fara tun lokacin kwashe kashin jemage bai tafi ba.

Alhamis, 23 ga Janairu, 1992

Ya huda sabon rami a bel ɗinsa. Ya zaci ban gani ba.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Jiya ya kasa hawa matakalar coci, taki huɗu kacal. Yau likita ya ce mu wuce Kano. Ciwon huhu. Ya tambaya ko ya yi aiki a wurin da tsuntsaye ko jemagu ke kwana. Na dubi Istifanus, shi kuma ya dubi takalminsa. Likitan ya ce ba zai rantse shi ne sanadi ba. Ni zan rantse.

Jumai za ta zauna gidan fasto. Na ɗauki hutu a makaranta.

Talata, 3 ga Maris, asibiti a Kano

Da rana, bayan an cire masa ƙarin ruwa, ya kama hannuna. Na zaci zancen Jumai zai yi. Sai ya ce, "Rufin nan ba a banza aka shimfiɗa shi ba. Ruwa yana da hanyarsa, toshe ta aka yi. Ki gaya wa Malam Gwadabe, ginshiƙi na uku..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, "Don Allah Baban Jumai ka rabu da ni da gidan nan. Shi ya kwantar da kai a nan."

Ya dube ni. Ya saki hannun, ya juya fuskarsa bango. Da yamma na ba shi kunu, ya sha cokali uku. Ba mu sake zancen ba. Ba mu sake wani zance mai tsawo ba ma.

Alhamis, 5 ga Maris

Sha ɗaya da rabi na safe. Ina bakin famfo ina wanke kofinsa ya cika.

Juma'a, 27 ga Maris

Mun dawo daga Pankshin. An binne shi kusa da mahaifinsa, a gindin dutse. Yayansa, Yaya Filibus, ya ce in tattaro mu dawo gida, ba ni da kowa a Haɗeja. Na ce sai Jumai ta gama aji uku baɗi, kada a raba mata karatu. Ya ce shi ke nan, in lokaci ya yi zai turo mota.

Maƙwabta sun yi ta shigowa gaisuwa da bakin azumi. Matan zumuntar coci sun kwana uku suna min girki. Kowa ya ce haƙuri. Ina amsawa.

Takardunsa na naɗe a kan kabad. Na rufe su da tsohon zani.

Asabar, 25 ga Afrilu

Malam Gwadabe ya zo. Ya tsuguna daga bakin ƙofa, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce, "Malama, damina ta kusa. In da hali a ba mu zanen marigayi mu duba. Rufin nan in ya sake shan ruwan bana, ba ni da bakin kare shi gaban kwamiti."

Na ce ban san inda suke ba. Ƙarya, ga su can yana iya hango gefensu ta taga. Bai ɗaga kai ba. Ya ce Allah ya ƙara haƙuri, ya sa takalminsa.

In ya rushe ma, ya rushe.

Lahadi, 10 ga Mayu

Yanzu ta bayan kasuwa nake bi zuwa coci. Ya fi nisa. Jumai ba ta tambayi dalili ba.

Talata, 16 ga Yuni

An yi ruwa mai ƙarfi shekaranjiya. Yau ina dawowa daga makaranta na iske Yakaka zaune a ƙofar gidana da ƙullin bandar tarwaɗa. Ban san ta san gidan ba. Ta ce tun rasuwar take son zuwa, ƙafa ce ta ƙi.

Na shigar da ita, na ba ta ruwa. Ta ce rufin ya zama tafki, yana ɗiga ta ko'ina, wani ɓangaren siminti ya faɗo kusa da tabarmarta. Alhaji Gambo ya zo da mutanensa, ya ce in wata ya ƙare ba a samo maganin ruwan ba, za a kawo katafila.

Na ce, "Iya, ke ina ruwanki? A gyara a tashe ki, a rushe a tashe ki."

Ta ce, "Haka ne, Malama." Ta murza gwiwa. Can ta ce, "Ranar da zai tafi asibiti ya biyo ta wurina. Da ƙyar yake numfashi. Ya ce in ya dawo zai nuna min wani abu da zai ba ni mamaki. Na ce to. Shi ne nake ta tunanin ko mene ne."

Ni bai gaya min ya biya ta can ba. A ranar cewa ya yi zai je aski.

Laraba, 17 ga Yuni

Na sauko da takardun. Goma sha ɗaya. Ƙasa, sama, matakala, tagogi, har inda za a kafa kantocin littattafai. Ƙananan rubutunsa ko'ina, irin wanda yake min a wasiƙa muna kwalejin horon malamai.

Ta ƙarshe ita ce ta rufi. Layi huɗu da wasu lambobi. Bai gama ba.

Abin da ba ya cikin takardar, ni ya so ya gaya wa. Ni kuma na rufe masa baki.

Ginshiƙi na uku. Daga wane gefe? Na yini ina juya maganar. Ya ce gabas? Ya ce baya? Babu. Iyakar abin da na bari ya faɗa ke nan.

Asabar, 20 ga Yuni

Na je. Da ƙafata na je, takardun a hammata.

Malam Gwadabe bai ce ai kin ce sun ɓata ba. Hannu biyu ya sa ya karɓa. Na gaya masa maganar asibiti yadda take, har da abin da na ce. Ban san me ya sa na gaya masa wannan ba. Ya ce, "Mai jinya ba a kama shi da magana, Malama."

Ya ce lokacin da aka ɗauke shi aiki an riga an zuba ginshiƙan, wasu magina ne daga Kano suka yi, bai san abin da ke cikinsu ba. Layi biyu ne, kowane da ginshiƙi shida. Na uku zai iya zama ɗaya cikin huɗu. Ba a fasa kankare da ka, in aka taɓa inda bai dace ba an ƙara wa rufin ciwo.

Muna tsaye muna ta ƙirga, Yakaka ta ɗago daga bakin murhunta ta ce, "Ko wanda ke zufa kuke nema?" Muka juyo. Ta ce akwai wanda take ɗaure akuyarta a jikinsa, a layin baya. Kowace damina gindinsa jiƙe yake, in ka kanga kunne kana jin kamar ciki na ƙugi. Muka ƙirga daga yamma. Na uku.

Malam Gwadabe ya naɗe wando ya hau tsani, da tsufansa. Ruwa har ƙwaurinsa a sama. Ya yi ta dukan daidai kan ginshiƙin da guduma. Ashe wani gyaran da aka yi shekarun baya ne aka shafe wurin da siminti da kwalta. Ƙarƙashi ga bakin bututun ƙarfe. Lebura biyu suka tone gindin ta waje, suka sami ɗaya bakin binne cikin ƙasa. Aka zura rodi, aka yi ta soka.

Sai ga shi ya ɓalle. Baƙin ruwa, da ruɓaɓɓen ganyen maina, da ƙasusuwan jemagu. Ya bi ta kan murhun Yakaka ya kashe mata wuta. Leburan suna ta dariya. Malam Gwadabe ya leƙo daga sama, ya cire hula.

Na koma bayan matakala na zauna a tabarmar Yakaka. Tun Pankshin ban yi kuka irin na yau ba. Ta bar ni, ba ta ce in yi haƙuri ba. Da na gama ta miƙo min buta.

Alhamis, 23 ga Yuli

An sami sauran bututu uku. An yi ruwa sau biyar, rufin bushe. Kwamiti ya janye zancen katafila.

Malam Gwadabe ba ya karanta boko, rubutun kuma ƙanana ne, shi ya sa nake biyawa bayan an tashi makaranta in karanta masa. Karatu kawai. Ba na daɗewa.

Litinin, 14 ga Satumba

Yau Yakaka ta tashi. Za a fara dabe a ƙasa, an ba ta sati biyu, sun cika.

Na je wurin Alhaji Gambo tun makon jiya na roƙa a bar mata ko rumfa a baya. Ya saurare ni da mutunci. Ya ce hayaƙin banda da ofis ba sa zama wuri ɗaya, kuma in aka bar mutum ɗaya gobe goma za su zo. Na yi godiya na fito.

Kayanta duka ba su cika bayan akori-kura ba. Zana uku, tukwane, ragar banda, akuya. Za ta koma wajen Guri wurin ɗan ƙaninta. Ta ce an ce mata ciyawar kacalla ta cinye hanyar ruwan ƙauyensu, kwalekwale ma ba ya wucewa, kifi ya yi ƙaranci. Ta ce za ta gani.

Na ce, "Iya, da kin yi shiru ranar nan."

Ta ce, "Da an rushe shi a kaina. Ko ta ina tafiya ce, Malama. Gara in bar shi a tsaye." Da za ta hau mota ta riƙe hannuna. "Shekara huɗu ina gidan nan. Mijinki kaɗai ke min sallama."

Na tsaya har motar ta sha kwana. Istifanus ya yi tunanin inda za ta koma kuwa? Na duba takardun nan goma sha ɗaya, babu ita a ciki. Ina jin haushinsa yau. Ban san ana jin haushin mamaci haka ba.

Asabar, 7 ga Nuwamba

An kira ni zaman kwamiti don in kawo zanen tagogi. Ni kaɗai mace. Ina zaune daga baya sai na ji ana cewa a cike hudojin bangon da siminti, a sa iyakwandishan a ofisoshi, ya fi kama da na zamani, kuma jemagu ba za su dawo ba.

Ban san na miƙe ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, in an ɗauke wuta fa?" A lokacin kuwa tun safe babu wuta, kowa na fifita da takarda a falon Alhaji. Wani ya fara dariya, sauran suka bi. Na ce marigayi ya rubuta a sa raga ta ciki, iska ta shiga, jemage ya tsaya waje. Na nuna musu wurin.

An amince da raga. Na naɗe zanen na fito.

Juma'a, 5 ga Maris, 1993

Shekara guda. Fasto ya zo ya yi addu'a. Jumai ta sa rigar babanta mai dogon hannu ta yini da ita.

Har yau in na tuna yadda ya juya fuska bango.

Asabar, 17 ga Afrilu

An buɗe. An sa masa suna Zauren Al'adu, an rubuta da shuɗin fenti, amma duk wanda na ji Gidan Gyaɗa yake cewa.

Farin fenti, sabbin ƙyamare, benci a jere. Sama an ba masu ilimin manya ɗaki biyu, ƙungiyar masunta ɗaya, wani lauya ɗaya. 'Yan sakandare sun yi wasan kwaikwayo a kan rikicin makiyayi da mai lambu, mutane har bakin titi. Zafin Afrilu, mutum ya fi ɗari uku, babu wanda ya fita shan iska.

Jawabi bakwai. A na shida Alhaji Gambo ya ce a tuna da marigayi Malam Istifanus wanda ya fara duba ginin. Ya fara duba ginin. Shi ke nan. Malam Gwadabe ko kujera bai samu ba, yana jingine a bango da sabuwar riga. Da muka haɗa ido ya ɗaga min hannu.

Inda zanar Yakaka take an ajiye tukunyar fure. Na bi masu kifi na Guri a kasuwa makon jiya ina tambaya. Wata mai suna 'Yar'azumi ta ce ta san ta, ba ta daɗe a ƙauyen ba, babu abin yi. Sun ƙara gaba da ɗan ƙanin nata wajen tafkin Chadi. Ba wanda ya san garin.

Na dawo gida kafin a raba lemo.

Talata, 11 ga Mayu

Wasiƙar Yaya Filibus ta zo tun ranar Alhamis. Yana tambayar ranar da Jumai za ta gama jarrabawa, ya turo mota. Ya ce an gyara mana ɗaki biyu, har an yi wa hedimasta maganata.

Ɗakin littattafai har yanzu ba a ɗauki mai kula da shi ba. Kantoci shida, littafi bai kai saba'in ba, rabinsu na Istifanus ne da na kai don su rage min kaya. Malam Gwadabe ya bar makullin a wurina kafin a sami wani. Ina buɗewa daga la'asar zuwa shida, don kada gara ta shiga. Na wucin gadi ne. Jiya yara goma sha huɗu, da wani ma'aikacin lauya da ke karanta littafin lissafi a ɓoye.

Yau ban yi niyyar zuwa ba, na gaji. Na yi cefane na kama hanyar gida. Wajen tasha wata mata da goyo ta tare ni, ta ce daga Jahun take, sunanta Sakinatu, an ce mata ana rubuta sunan masu son koyon karatu a wani Gidan Gyaɗa, ko na san wurin. Nuna mata kawai zan yi, ga titin nan a miƙe. Sai na ji bakina ya ce, "Zo mu je, can na nufa."

Alayyafon ya yi yaushi a kan taga kafin in rufe. Jumai ta ce miyar yau ba ta yi daɗi ba.

Wasiƙar na kan tebur. Gobe zan ba da amsa, in Allah ya kai mu. Ko jibi.